Da A Ce Benis Ta Zaɓi Bindiga

A kasuwannin Iskandariya da Alƙahira na ƙarni na 15, idan dillali ya ce a biya shi da bunduƙi, ba wanda zai razana. Zinariya yake nufi, ɗan tsabar da aka fara bugawa a birnin Benis a 1284, mai nauyin giram 3.5, wanda aka yi fiye da shekara 500 ana bugawa ba a taɓa rage masa nauyi ba. Birnin kansa, wanda mutanensa ke kira Venezia, Larabawa har yau Albunduƙiyya suke ce masa. Da wannan lafazin kuma suke kiran makamin da Hausa ta aro ta mayar bindiga. Masana harshe sun fi karkata ga cewa kiciɓis sunayen suka yi a hanya. Na birnin ya fito ne daga yadda Rumawa ke kiransa, na makamin kuwa daga bunduƙ, wani ɗan itace mai ɓawo kamar gyaɗa, wanda aka ba da aron sunansa ga dunƙulen yumɓu ko darma da ake harbawa. Ko ma yaya aka yi, birni da kuɗi da makami sun zauna a inuwar kalma guda, kuma cikin ukun makamin kaɗai ya ƙetaro Sahara ya zauna a bakin Bahaushe.

Makamin nan ne yake jan hankalin masu rubuta wani irin tarihi da aka gina a kan kalmar da. Bahaushe ya san ƙarfin wannan 'yar kalma, domin ba ta tafiya ita kaɗai: da ruwa ya sauka da wuri, da gero ya yi. Ta farko tana buɗe ƙofar abin da bai faru ba, ta biyu tana shiga ta zauna kamar ya faru. Tun zamanin Rumawa ake wannan tunani. Livy, marubucin tarihin Rum, ya tsaya a tsakiyar littafinsa yana auna abin da zai biyo baya da Iskandar Mai Girma ya juyo yamma ya auka wa Italiya. A 1876 wani masanin falsafa na Faransa, Charles Renouvier, ya fitar da littafi sukutum a kan wata Turai da ba a taɓa yi ba, ya raɗa masa suna Uchronie, zamanin da babu shi. Yau abin ya zama aikin marubutan ƙagaggun labarai, da masu zana taswirar ƙasashen da ba su wanzu ba, da masu wasannin kwamfuta irin su Europa Universalis, inda mutum zai karɓi ragamar ƙasa a 1444 ya ga inda zai iya kai ta.

Benis tana cikin ƙasashen da masu wannan rubutu suka fi ƙauna, kuma kusan hanya ɗaya suke bi da ita. A wurinsu ba ta faɗa hannun Napoleon a 1797 ba. Ta haƙa mashigin Suwez fiye da shekara 350 kafin lokacinsa, ta riƙe Kubrus da Kirit, ta haɗiye arewacin Italiya, injin tururi ya fara huci a tsibiranta kafin ya yi a Ingila. Jikokin fataken masoro da kanumfari sun zama hafsoshi, jiragen ƙarfe masu ɗauke da tutar zaki mai fukafukai suna sintiri daga Bahar Maliya har gaɓar Indiya. Sunan ƙasar bai canza ba. Jamhuriya ce, kuma har yanzu ana yi mata kirarinta na Serenissima, mafi natsuwar ƙasashe.

Mafarkin yana da tushe. A gabashin birnin akwai wani fili mai doguwar katanga da ya kai kimanin hekta 45, wanda aka saba cewa an kafa shi a 1104. Mutanen Benis suna kiransa arzanà. Kalmar Larabci ce, darus sina'a, gidan sana'a, kuma mai jin Hausa ba ya bukatar tafinta a nan. Sana'ar nan ce dai ta maƙeri da majemi da masassaƙi, 'yar'uwar kalmar kuma ta jini ita ce masana'anta. Daga Italiya sunan ya shiga Faransanci da Ingilishi, a can ya tuɓe rigar sana'a ya zama rumbun makamai. Ingila ta sa wa babbar maƙerar igwanta ta Woolwich wannan suna, ma'aikatan wurin suka kafa ƙungiyar ƙwallo a 1886, shi ya sa matashin da ke ihun Arsenal a gidan kallon ƙwallo a Kano yake ganin igwa a ƙirjin 'yan wasansa. Tafiyar da masu tarihin da suke so Benis ta yi, daga sana'a zuwa makami, kalmar ta riga ta yi ta ita kaɗai, ta bar birnin a baya.

Abin da ke cikin katangar ya cancanci a tsaya a kansa. Dubban ma'aikata ne, an raba su rukuni-rukuni: masassaƙan gangar jirgi, masu toshe kafofin katako da kwalta, masu sassaƙa filafilan tuƙi, mata masu ɗinka ƙyallen da iska ke turawa, maƙeran da ke zuba igwa. Mawaƙi Dante ya ari tukwanen kwaltarsu masu tafasa a lokacin hunturu ya siffanta wani sashe na wuta a cikin waƙarsa. Zauren da ake tufka igiya, Tana, tsawonsa ya haura mita 300, kuma ana saka zare mai launi a cikin kowace igiya don a san darajarta. Wani matafiyi ɗan Sifen, Pero Tafur, da ya ziyarci wurin a shekarun 1430, ya bayyana yadda ake jan gangar jirgi a wani siririn mashigi, ana miƙo mata kaya ta tagogin ɗakunan da ke gefe, nan igiya, can makamai, gaba guzuri, har ta kai bakin ƙofa a shirye tsaf. Gwamnati tana ajiye gangunan jirage a jere, kowane da kayansa a ƙididdige. Da Turkawan Usmaniyya suka nufo Kubrus a 1570, gidan ya fito da jiragen yaƙi kusan 100 cikin wata biyu. A 1574 aka haɗa jirgi guda a gaban sarkin Faransa Henry na Uku cikin 'yan sa'o'i, don baƙon ya koma gida ya ba da labari.

Hannun gidan ya wuce katangarsa. Tun 1471 aka killace dajin Montello saboda katakon jirgi, a 1548 aka ƙara da na Cansiglio saboda itacen filafili, ana ƙirga bishiyoyi ana yi musu shaida. A kwarin Trompia da ke yankin Brescia, ƙarƙashin mulkin Benis, akwai tama da ruwa mai gudu da maƙera na gado. Kamfanin Beretta, wanda sojoji da 'yan sandan ƙasashe da yawa ke rataye da ƙananan bindigoginsa a yau, yana ƙirga shekarunsa ne daga wata takardar biyan kuɗi ta 1526, lokacin da Bartolomeo Beretta ya sayar wa gidan sana'ar Benis bututun bindiga 185. A 1474 majalisar birnin ta yi dokar da ke kare haƙƙin wanda ya ƙirƙiro sabuwar na'ura har shekara 10, ɗaya daga cikin na farko a duniya. Galileo ya yi shekara 18 yana koyarwa a jami'ar Padua ta jamhuriyar, ya gwada wa dattawan birnin madubinsa na hangen nesa a 1609, kuma littafinsa na 1638 a kan ƙarfin katako da motsin abubuwa da zancen wannan gida ya fara. Mai duba waɗannan abubuwa dole ya ce saura ƙiris.

Har mashigin Suwez ba ƙirƙirar marubuta ba ne. Bayan Vasco da Gama ya zagaya Afirka ya isa Indiya a 1498, masoron Fotugal ya fara karya farashin na Benis. A 1504 Majalisar Mutum Goma ta tattauna batun ba sarkin Masar na Mamluk shawarar a tsaga ƙasa daga Bahar Rum zuwa Bahar Maliya. An rubuta shawarar a daftarin saƙon jakada, daga baya aka soke ta. Shekara 13 bayan haka Turkawa suka ci Masar. Sai a 1869 aka buɗe mashigin.

Abin da Benis ta rasa kuma ba ɓoyayye ba ne. Ba ta da kwal irin wanda Ingila ke zaune a kai, dazuzzukanta kuwa ƙarewa suke yi. Mutanen birnin ba su taɓa kai 200,000 ba, annobar 1575 zuwa 1577 ta kwashe kusan 50,000, ta 1630 ta sake kwasar kusan haka. Wani basarake mai suna Nicolò Tron, da ya yi jakadanci a Landan ya ga yadda ake saƙa a can, ya kafa masaƙar ulu a Schio a 1738 da dabarun Ingila, garin kuma ya zama cibiyar saƙa daga baya. Amma ƙoƙarin mutum ɗaya ne a ƙasar da ƙungiyoyin masu sana'a ke tsare da tsofaffin ƙa'idojinsu.

Duk waɗannan marubuci mai dabara zai iya kauce musu. Zai ba ta kwal ta hanyar cin wata ƙasa, ya ɗauke annoba da alƙalami. Akwai abu ɗaya da alƙalami ba ya iya ɗaukewa ba tare da ya kashe Benis ɗin ba, shi ne yadda birnin ya ɗauki soja.

A fara da jirgin. Manyan jiragen fatauci gwamnati ce ke ƙera su a gidan sana'a, sannan kowace shekara ta yi gwanjon hayarsu. Attajirin da ya fi tayi shi zai ɗauki jirgi zuwa Iskandariya ko Bairut ko Ƙustanɗiniyya ko Flanders, a ayari, bisa ranakun da majalisa ta yanka. Matuƙan 'yantattu ne a farkon zamani, an kuma yarje wa kowane ya riƙe ɗan kayansa na sayarwa a ƙarƙashin benci. A cikin masu baka da ke gadin jirgin ana keɓe gurabe ga 'ya'yan sarauta marasa hali, don su koyi teku su tara jari. Akwai kuma yarjejeniyar colleganza, inda mai dukiya zai zauna a gida, mai ƙafa ya yi tafiya, a raba riba. Almajirin da ya karanta babin ƙiradi a Risala zai gane ta nan take, masana da dama ma suna ganin dangantaka tsakaninsu. A irin wannan tsari makami yana cikin kuɗin da ake kashewa don kaya su isa. Ana lissafa shi kamar yadda madugu ke lissafa ladan 'yan rakiya, ba ya zama dalilin tafiyar.

A tudu abin ya fi fitowa fili. Da Benis ta mamaye Padua da Verona a 1405, ta ƙara da Brescia a 1426 da Bergamo a 1428, ba ta ɗora 'ya'yanta a kan rundunar ƙasa ba. Hayar baƙi take yi, waɗanda ake kira condottieri, daga condotta, wato kwangila. Janar ɗan kwangila ne, kuma a gefensa kullum akwai wakilan majalisa, fararen hula, masu riƙe da jakar kuɗi suna aika rahoto gida. Carmagnola, wanda ya ci mata Brescia, da aka fara zarginsa da jan ƙafa da haɗa baki da Milan, sai aka gayyato shi birni a 1432 da sunan shawarar yaƙi, aka tarbe shi da girma, aka rufe ƙofa, aka fille masa kai a dandali. Bartolomeo Colleoni ya mutu a 1475 ya bar wa jamhuriya dukiya mai yawa bisa sharaɗin a kafa mutum-mutuminsa a gaban babbar majami'ar San Marco. Majalisa ta karɓi dukiyar, ta kafa shi a kan dokinsa na tagulla a gaban wata ƙungiyar agaji mai suna San Marco, can nesa da babban dandalin. A zuciyar birni ba a yarda a ɗaukaka mutum ɗaya ba, balle mai takobi.

Shugaban kansa, doge, haka aka ɗaure shi. Ana zaɓensa ta matakai 10 na ƙuri'a da canki-canka, ba ya buɗe wasiƙar wata ƙasa shi kaɗai. Marino Faliero, tsohon mayaƙi da ya hau kujerar, ya haɗa kai da wasu mutanen teku da na gidan sana'a a 1355 don ya zama sarki na sosai. Cikin kwanaki aka yanke masa hukunci aka sare shi, kuma a jerin hotunan shugabanni da ke babban zauren majalisa, baƙin mayafi aka zana a gurbinsa. Wannan labari yana da muhimmanci ga masu mafarkin, domin shi ne lokacin da mai mulki da ma'aikatan maƙera suka kusa haɗuwa su haifi irin ƙasar da ake zanawa. Benis ta ga fuskar abin, ta rufe ta da baƙin fenti.

Idan akwai mararraba ta gaskiya, ranar 14 ga Mayu 1509 ce. Fafaroma Julius na Biyu da sarakunan Faransa da Sifen da sarkin daular Jamusawa sun ƙulla ƙawance a Cambrai don su yaga jamhuriyar. A wannan rana, a Agnadello, rundunar hayarta ta watse a yini guda, kwamandojinta biyu ba su jitu ba, garuruwan tudu suka yi ta buɗe ƙofa ga abokan gaba. Marubucin siyasa Machiavelli ya ɗora laifin a kan dogaro da sojan haya. Amma wani abu ya faru da ya ba kowa mamaki: talakawan ƙauyuka sun tsaya wa Benis, domin sun fi tsoron iyayen gijinsu na gida. Wakilin majalisa Andrea Gritti ya ƙwato Padua a watan Yuli, zuwa 1517 an dawo da yawancin ƙasar. A nan ne marubucin da zai sa majalisa ta ce daga yau kowane ɗan ƙauye soja ne, kowane ɗan sarauta hafsa. An kafa rundunar sa-kai ta manoma, gaskiya ne, amma ba a taɓa barinta ta zama ƙashin bayan ƙasa ba. Manomin da aka ba bindiga aka ce ya mutu don jamhuriya, gobe zai tambayi inda kujerarsa take a majalisa, alhali tun 1297 aka rufe ƙofar majalisar, sai 'ya'yan wasu gidaje ƙididdigaggu. Masu mulki sun zaɓi ganuwa da jakadu da zaman ba-ruwana, suka juya dukiyarsu zuwa gonaki da gidajen hutu irin waɗanda Palladio ya zana musu.

Ko babbar nasararsu da idon ɗan kasuwa suka kalle ta. A Lepanto, ranar 7 ga Oktoba 1571, wasu manyan jirage shida da gidan sana'a ya cika da igwa sun tarwatsa sahun Turkawa tun kafin a gwabza. Turkawa suka sake gina rundunarsu cikin hunturu guda. A 1573 Benis ta yi sulhu ita kaɗai, ta haƙura da Kubrus, ta biya zinariya 300,000, fatauci ya dawo. Ƙawayenta sun kira abin cin amana. Majalisa ta ga cewa kasuwar Halab da ta Iskandariya sun fi tsibirin da ya riga ya tafi.

Kada wannan ya sa a wanke ta. Benis ce ta karkatar da mayaƙan Salibiyya a 1204 suka washe Ƙustanɗiniyya, birnin 'yan'uwansu Kirista, dawakin tagulla huɗu da ke San Marco ganimar ranar ce. Fatakenta sun yi cinikin bayi daga Baƙin Teku. Ta danne tawayen mutanen Kirit da jini sau da yawa. Daga 1545 ta fara ɗaure fursunoni da sarƙa a bencin tuƙi. A 1516 ta kulle Yahudawan birnin a wani tsibiri da ake rufewa da dare, wurin da a da maƙerar zuba tagulla ce, kuma mafi yawan masana daga sunan wannan maƙera suke ganin kalmar geto ta fito. Igwar kwamandanta Francesco Morosini ce ta faɗa kan albarushin da Turkawa suka ajiye a haikalin Parthenon na Atina a 1687. Birni ne mai iya zalunci. Abin da ya ƙi shi ne ya miƙa wuyansa ga masu yin zaluncin a madadinsa.

A nan tarihin da ya fi yin rauni, kuma raunin na ma'ana ne. Marubuci yana riƙe sunaye, doge da majalisa da zaki da kirarin natsuwa, ya kwashe abin da ke cikinsu. Ƙasar da za ta tara rundunar dindindin ta ɗaruruwan dubbai dole ta karɓi haraji da ƙarfi, ta ɗebi samari daga ƙauyuka, ta bar hafsoshi su yi magana a inda ake yanke shawara. Maƙerar da ke zuba igwa dare da rana tana bukatar mai saye, mai sayen kuma yaƙi ne. Cikin zuriya biyu mutumin da ya fi kowa ƙarfi a birnin zai zama wanda Carmagnola bai samu ya zama ba. Ana iya ci gaba da jefa zobe a teku kowace shekara don ɗaura auren birni da ruwa, amma wanda ke jefawar ba shi ne doge ɗin da aka hana buɗe wasiƙa ba. Jamhuriyar Holan ta nuna kaɗan daga abin da ke faruwa idan ɗan kasuwa ya riƙe igwa da hannunsa. Kamfaninta na Gabashin Indiya, da aka kafa a 1602 da ikon yin yaƙi da ƙulla yarjejeniya, ya so ya mallaki gyaɗar ƙamshi shi kaɗai, sai gwamnan kamfanin Jan Pieterszoon Coen ya auka wa tsibiran Banda a 1621. Cikin mutane kusan 15,000, yawancinsu an kashe su, ko an bautar, ko sun gudu.

Ƙarshen Benis ta gaskiya ba shi da armashi, shi ya sa ake son sake rubuta shi. Ranar 12 ga Mayu 1797, sojojin Napoleon suna bakin ruwa, babbar majalisa ta zauna ba tare da adadin da doka ta nema ya cika ba, mutum 512 suka kaɗa ƙuri'ar rushe jamhuriyar. Doge Ludovico Manin ya sauka. Faransawa suka kwashe jirage da igwa daga gidan sana'a, suka tafi da dawakin tagulla Faris, suka ƙona adon jirgin bikin auren teku don su tsame zinariyarsa, sannan suka miƙa birnin ga Ostiriya a Janairun 1798, bisa yarjejeniyar da suka ƙulla a watan Oktoba. Takaicin mai karanta wannan halas ne. Bahaushe ya ce da na sani ƙeya ce, kuma yawancin tarihin da daga irin wannan takaici yake tsirowa.

Sai dai ba lallai ne a ƙirƙiri amsar ba, domin tarihi ya gwada ta bayan jamhuriyoyin sun mutu. Jenowa, tsohuwar kishiyar Benis a teku, an haɗa ta da masarautar Sardiniya a 1815. A 1853 aka kafa kamfanin Ansaldo a gefenta, zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya yana zuba igwa da jiragen yaƙi na ruwa da na sama da dubun dubatar ma'aikata. Birnin fatake ya zama maƙerar makamai, amma ƙarƙashin sarki, ba jamhuriya ba.

Ita Benis kuwa mutum ɗaya ne ya ɗauki mafarkin a kafaɗarsa. Giuseppe Volpi, haifaffen birnin a 1877, ya fara da fatauci a Balkan kamar kakanninsa. A 1905 ya kafa kamfanin wutar lantarki na SADE, wanda ya maye gurbin kwal ɗin da babu da ruwan duwatsun Alps. A 1917, ana tsakiyar yaƙi, ya sa aka rattaba hannu kan gina tashar Marghera a bakin tafkin, inda aka cika fadama aka dasa matatar mai da masana'antun sinadarai da na sanholo da na ƙera jirage. Daga 1921 zuwa 1925 shi ne gwamnan Italiya a Tarabulus ta Libiya, shi ya tura sojoji suka sauka a gaɓar Misrata a 1922, a ƙarƙashinsa hafsa Rodolfo Graziani ya fara yin sunan da 'yan Libiya ba su manta ba. Aka naɗa shi basaraken Misrata, ya zama ministan kuɗin Mussolini daga 1925 zuwa 1928. Masu yabonsa suna kiransa doge na ƙarshe. Shi ne kuma ya assasa bikin fina-finan Benis a 1932, inda har yau kofin da ake ba gwarzon ɗan wasa yake ɗauke da sunansa. Ga masana'antu, ga runduna, ga mulkin mallaka a ƙetaren teku, ga tsohon kirari ana rerawa. Kusan duk abin da masu taswira ke nema ya samu, ban da majalisar da ke iya cewa a'a.

Da ta biyu, wadda ke faɗin abin da ya biyo baya, ita ce marubuta ba su cika ƙarasawa ba, alhali a nan an rubuta ta da lambobi. A shekarun 1960 ma'aikatan Marghera sun haura 30,000, iyalai da yawa sun fita daga talauci ta dalilinta, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma rijiyoyin da masana'antun suka haƙa sun zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa har birnin ya nutse da kusan santimita 12 kafin a hana. Ranar 4 ga Nuwamba 1966 ruwa ya hau santimita 194 ya shiga gidaje da majami'u. Shekara uku kafin nan, a daren 9 ga Oktoba 1963, gefen dutsen Toc ya zame cikin madatsar Vajont, wadda SADE ta gina duk da gargaɗin mazauna wurin, wadda kuma kamfanin lantarki na gwamnati ya karɓa watanni kaɗan kafin ranar. Madatsar ba ta karye ba. Ruwa ne ya tsallake ta ya share garin Longarone, mutum kusan 2,000 suka mutu. A 1998 aka fara shari'ar shugabannin masana'antar sinadarai ta Marghera kan mutuwar ma'aikata 157 da ciwon daji. Kotun farko ta sallami kowa a 2001, ta ɗaukaka ƙara ta sami mutum biyar da laifi a 2004. A 1951 mazauna tsohon birnin da ke kan ruwa sun kai kusan 175,000. A 2022 sun gaza 50,000, da yawa daga cikin waɗanda suka tashi kuma Mestre suka koma, a tudu, daura da bututun hayaƙin Marghera.